Ƙudan Kwalta: Ɗan Wane Gida Ne?

Duk wanda ya tashi a unguwar da kwata ke kwanciya da damina ya san maganin da ake yi mata. Idan ruwa ya tsaya a bayan gida kwana huɗu biyar, aka fara ganin 'yan tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil suna hawa suna sauka, sai a aiki yaro garejin bakanike da gwangwani ya karɓo baƙin mai. Na sha tsugunawa ina kallo lokacin da ake tsiyaya shi. Ɗigo ɗaya zai faɗa, ya buɗe, ya yi ta yaɗuwa har ya rufe fuskar ruwan da launin bakan gizo. 'Ya'yan sauro su taso shan iska kamar yadda suka saba, su taɓa saman ruwan, su nutse da sauri, su sake tasowa. Kafin la'asar duk sun yi lamo. Mai yana kashe ƙwaro, wannan ba abin gardama ba ne, ko a tsakar gida ko a ɗakin bincike.

A Amurka ma haka aka sani, kuma cikin waɗanda suka fi yayata hakan akwai Leland O. Howard. A 1892 ya zuba kananzir a wani ɗan kududdufi a tsaunukan Catskill, ya zauna ya lura da abin da ya sami sauro da 'ya'yansa, ya rubuta wa duniya. A 1894 aka naɗa shi shugaban sashen nazarin ƙwari na ma'aikatar gona ta ƙasar, a birnin Washinton. A wancan zamanin manoman lemo ma kananzir suke kaɗawa da sabulu su fesa wa bishiyoyinsu. To wannan mutumin ne labari ya iske daga Los Anjalis, a jihar Kalifoniya, cewa akwai wata tsutsa da ke zaune a cikin ɗanyen man fetur, a ciki take iyo, a ciki take girma.

Los Anjalis a lokacin gari ne da mai ya mamaye. Tun da wani mai suna Edward Doheny ya haƙa rijiyarsa ta mai a farkon shekarun 1890, rijiyoyi suka yi ta fitowa a tsakanin gidajen mutane, ɗanyen mai yana kwance a ramuka a fili. Masu ganin tsutsar ba su yi ƙaranci ba. Amma mai bincike ba ya karɓar magana irin wannan da ka, kuma yana da hujja. Tsutsa tana iya faɗawa cikin mai ta yi ta mutsu-mutsu na ɗan lokaci kafin ta mutu, wanda ya gan ta a daidai wannan lokacin zai rantse cewa gidanta ke nan. Hanyar raba gardama ɗaya ce: a bar ta a cikin man, a zuba ido. In baƙuwa ce za ta mutu. In 'yar gida ce za ta girma, ta shiga ɓawonta ta kwanta, ta fito da fiffike.

Jiran nan yana da wani amfani na biyu. Tsutsar ƙuda ba ta da fuskar da za a gane ta da ita. Ba ƙafa, ba fiffike, ba kai na a zo a gani, sai ɗan jiki mai tsini a gaba. Tsutsotsin ƙudaje iri-iri, in aka jera su, da ƙyar gwani yake bambance su. Sai babba ya fito ake sanin ɗan wane ne. Da aka reni tsutsotsin Los Anjalis, abin da ya fito wani ɗan mitsitsin baƙin ƙuda ne, tsawonsa kamar milimita 2, bai kai ƙwayar riɗi ba. Magana ta tabbata, gani ya kori ji. A 1899 Howard ya buga labarin a mujallar Scientific American, shi mai koyar da kashe tsutsa da mai, ya shaida da hannunsa cewa ga wata tsutsa da mai ya zama mata mazauni.

Aikin gano asalin ƙudan ya faɗa hannun Daniel W. Coquillett, kuma da wuya a samu wanda ya fi shi cancanta. Ya yi shekaru a kudancin Kalifoniya yana yaƙi da ƙwarin lemo, yana cikin waɗanda suka fara turara wa bishiyoyi iskar guba a ƙarƙashin tanti, daga baya ya koma Washinton aka ba shi kula da tarin ƙudajen gidan tarihin ƙasa. Ƙuda dai ya san shi ciki da bai.

Yadda ake wannan aiki bai canza sosai ba har yau, kuma yana tuna mini da dattijon da zai dubi tsagar fuskar baƙo ya faɗi garinsu da gidansu tun bai buɗe baki ba. Ƙwaro ma da tsagarsa, sai dai ba wanzami ne ya yi masa ba, kuma sai da madubin ƙara girma ake karanta ta. Ana bin tambayoyi ne ɗaya bayan ɗaya, kowace amsa tana rufe wasu ƙofofi ta bar wasu a buɗe. Fiffike nawa gare shi? Biyu, a bayansu kuma akwai wasu 'yan sanduna biyu masu kai kamar kulki, waɗanda ƙwaron ke daidaita tashi da su. Wannan ya sa shi cikin babbar rundunar masu fiffike biyu, inda ƙuda da sauro da tsando suke. A jikin wannan ƙudan, sandunan rawaya-rawaya ne, kawunansu farare. Sai a dubi 'yan ƙahonnin da ke goshinsa: gajeru ne, gaɓa uku, da wani gashi ɗaya a jikin ta ƙarshe. Ke nan ba dangin sauro ba ne, domin su nasu dogaye ne masu gaɓoɓi da yawa.

Daga nan aikin yake ƙara tsauri, domin ƙananan baƙaƙen ƙudaje sun yi yawa a duniya, kuma kama da wane ba ta wane. Sai a shimfiɗa fiffiken a bi jijiyoyinsa. Babbar jijiyar da ta bi bakin fiffiken ta gaba tana da karaya a wuri biyu. Can kusa da gindin fiffiken akwai wani ɗan rufaffen ɗaki da jijiyoyi ke yi a ƙudaje da yawa, a nan babu shi. A koma ga gashin nan na ƙaho: rassansa duk a gefen sama suke, kamar mataji mai haƙora a ɓangare ɗaya. A dubi kusurwar baki, babu ƙaƙƙarfan gashin nan biyu da wasu dangogin ke da shi kamar gashin baki. In waɗannan alamu suka haɗu a jikin ƙuda ɗaya, dangin ya fito: Ephydridae, ƙudajen bakin ruwa, waɗanda wani masani ɗan Siwidin, Johan Zetterstedt, ya raɗa wa suna a 1837.

Sanin dangin ya rage wa labarin baƙunta, domin dangi ne da aka sani da zama inda wani ba ya zama. An bayyana nau'o'insu kusan 2,000. Mafi yawansu a laka da bakin tafki da gaɓar teku suke, suna lasar gansakuka. Amma a cikinsu akwai masu haihuwa a ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, akwai masu zama a ruwan gishirin da kifi ba ya rayuwa a ciki. A tafkin Mono, a Kalifoniyan dai, wanda ruwansa ya fi na teku gishiri kuma yake cike da kanwa, akwai ɗayansu, Ephydra hians, da ke shiga ƙarƙashin ruwa da ƙafa, a lulluɓe da ƙwallon iska, ya yi kiwo ya saka ƙwai ya fito a bushe. Mutanen asali na wurin, 'yan Kutzadika'a, sun daɗe suna tattara 'ya'yansa da ke kwance a ɓawo su shanya su ci. A gonakin shinkafar Afirka ta Yamma ma akwai ɗan dangin, Hydrellia prosternalis, wanda tsutsarsa ke ɓata ganyen shinkafa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In har za a sami ƙudan da zai zauna a mai, daga wannan dangi ya kamata ya fito.

Saura gida. A tsarin raɗa suna da masani Linnaeus ya kafa, wanda masu nazarin dabbobi ke ƙirga farkonsa daga 1758, kowace halitta suna biyu gare ta: na farko sunan gidan da ta fito, na biyu nata na kanta. Coquillett ya ga wata 'yar ƙaya a gaɓa ta biyu ta ƙahon ƙudan, ya ga yanayin fuskarsa da baƙin jikinsa, ya kai shi gidan Psilopa, wanda wani ɗan Siwidin, Carl Fallén, ya kafa a 1823. Sannan ya yi abin da ya fi cin rai a wannan sana'a, wato gwada baƙon da duk 'yan gidan da aka riga aka bayyana, don kada a raɗa wa mai suna wani sunan. Bai dace da ko ɗaya ba. Idanunsa cike suke da gajeren gashi, kumatunsa sun fi sauran jikin haske, rabin fiffikensa na gaba yana da ɗan duhu kamar hayaƙi ya taɓa shi. A 1899, a mujallar The Canadian Entomologist, ya fitar da ɗan gajeren bayani ya kira shi Psilopa petrolei. Kalmar ta biyu da Latin tana nufin na man fetur. Ƙudajen da ya yi bayanin a kansu aka adana su a gidan tarihi, domin duk wanda ya zo daga baya da shakka ya je ya duba da idonsa. Wannan adanawa ita ce ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Suna ba ya tsayawa a kan magana, sai a kan gawar ƙwaron da ke maƙale a allura cikin akwati.

Ƙuda ya sami suna, amma babbar tambayar tana nan: yaya aka yi bai mutu ba?

Wurin da aka fi nazarinsa shi ne La Brea, a tsakiyar Los Anjalis. Kalmar brea da Sifaniyanci kwalta take nufi. A nan ɗanyen mai yake tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa tun dubban shekaru, sassansa masu sauƙi su bi iska, mai kaurin ya rage ya zama kwalta mai danƙo. Ƙura da ganye da ruwan sama su rufe samanta, dabba ta taka ta maƙale, masu cin nama su zo ci su ma su maƙale. Daga ramukan nan an tono ƙasusuwan wani ƙaton kyarkeci da ya ƙare a duniya, na dabba fiye da 4,000, da na wata ƙatuwar kyanwar daji mai fiƙa kamar takobi, fiye da 2,000, ban da giwayen da. Wuri ne da duk abin da ya shiga ba ya fita. Amma in mutum ya tsuguna a gefen ɗan kududdufin kwalta da rana tsaka ya ƙura ido, zai ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo a saman man suna tafiya a hankali. Bakin bututun numfashin tsutsotsin ke nan.

Wani mai bincike, D. L. Crawford, ya yi rubutu a kan ƙudan a 1912, amma wanda ya zauna ya warware al'amarin ɗan Ingila ne, William H. Thorpe, wanda ya je Kalifoniya yana saurayi a ƙarshen shekarun 1920 ya buga sakamakonsa a 1930 da 1931. Daga baya ya shahara a jami'ar Kambirij da nazarin yadda tsuntsaye ke koyon kuka, amma bai raina ɗan ƙudan nan ba, ya ƙirga shi cikin manyan abubuwan al'ajabi na halittu masu rai.

Numfashi shi ne farkon abin dubawa, domin ta nan mai ke kashe ɗan sauro. Ɗan sauro yana ɗaga bututunsa ne ya huda fuskar ruwa ya sha iska. In akwai kananzir a wurin sai ya bi bututun ya shiga hanyoyin iskar jikinsa, ya toshe su, ya kuma sa masa guba. Tsutsar kwalta ma da iskar sama take numfashi, ta ƙofofi biyu a ƙarshen jikinta na baya, amma ƙofofin suna kewaye da 'yan gasu da ke buɗewa a fuskar man su riƙe bakin a sama, a tsabtace. Tana iya janye su ta nutse na wani lokaci ta sake tasowa. Man da rana ta gasa yakan kai zafin digiri 38 a ma'aunin Salshiyos, ba ya damunta. An ma gwada sirka man rabi da rabi da tarfantin, irin man da masu fenti ke tsinka fenti da shi, ko da zailin, wani sinadari mai narkar da abubuwa, tsutsar ta ci gaba da rayuwa. Ba ta barin man sai lokacin kwanciya ya yi, sannan ta rarrafo ta hau karan ciyawa a gefe ta shiga ɓawo. Shi kuwa babban ƙudan ba shi da wannan kariya duka. Yana tafiya a saman man a kan tsinin ƙafafunsa, amma in fiffikensa ko cikinsa ya taɓa kwaltar, ya maƙale kamar kowane ƙwaro.

Abincinta ya fi rikitar da mutane, kuma ban ga laifinsu ba. Jikin tsutsar garau yake, ana hango abin da ke cikinta, abin da ake hangowa kuwa baƙin layi ne daga baki har ƙarshe: hanjinta cike yake da mai. Duk wanda ya ga haka zai ce ai ga amsa, man take ci. Da hakan ya tabbata da ya zama babban labari, domin narkar da ɗanyen mai a mai da shi abinci aikin wasu ƙwayoyin bakteriya ne da makamantansu, ba a san dabba da shi ba. Amma haɗiye abu daban, amfana da shi daban. Kaza tana haɗiye tsakuwa, ba wanda ya ce tsakuwa ce ke sa mata ƙiba. Gwaje-gwajen ciyarwa da Thorpe ya yi suka nuna cewa abin da ke rayar da tsutsar shi ne naman ƙwarin da suka faɗa cikin man suka maƙale. Da ƙwaro ya kamu sai tsutsotsin su yi masa caa su cinye. Man yana shiga ne tare da lomar, ya bi hanji ya fita. Tsutsotsin ƙudaje suna da wani siririn mayafi da ke shimfiɗe a cikin hanjinsu na tsakiya kamar hannun riga, abinci a cikinsa yake tafiya, don haka kwaltar ba ta gogar naman hanjin kai tsaye.

Da wannan amsa al'amarin ya juya. Tarkon da ya cinye kyarkeci da giwa shi ne yake yi wa tsutsar farauta. Tana zaune a inda ba abokin takara, ba mai cin ta, man yana hana ta bushewa a zafin rana, abinci kuma yana faɗo mata daga sama. Dalilin da ya sa yake faɗowa ma an gano shi, a wani wuri mai nisa. Bayan yaƙin Tekun Fasha na 1991, man da ya malala daga rijiyoyin Kuwait ya yi tafkuna a hamada, aka ga mazari da wasu ƙwarin ruwa suna ta faɗawa ciki. A 1996 wasu masu bincike, Gábor Horváth da Jochen Zeil, suka bayyana a mujallar Nature cewa ƙwarin ruwa suna gane ruwa ne da irin hasken da ke tashi daga fuskarsa, baƙin mai mai sheƙi kuwa yana mayar da irin wannan haske, wani lokaci ma fiye da ruwan. Ƙwaro yana sama ya hango tafki, ya sauko, ashe kwalta ce.

Duk da haka wata ƙofa ta rage a buɗe. Shanu ba su narkar da ciyawa da kansu, ƙwayoyin halittar da ke tumbinsu ne ke yi musu. Me zai hana a ce tsutsar ma tana da irin waɗannan ma'aikata a hanjinta, suna narkar mata da mai? Wasu masu bincike na jami'ar Nebaraska, cikinsu akwai Dana Kadavy da Kenneth Nickerson, suka ɗebo tsutsotsi daga La Brea suka duba, suka buga abin da suka samu a 1999, shekara ɗari cif bayan raɗin suna. Kowace tsutsa tana ɗauke da bakteriya wajen 200,000 da za a iya renonsu a faranti, wato hanjinta ya fi man da ke waje yawansu sau 100 zuwa 1,000. Daga cikin samfuri 14 da suka ware suka tantance, 9 Providencia rettgeri ne, 3 kuma alamu sun nuna 'yan gidan Acinetobacter ne. Amma ba su ga wata shaida cewa ƙwayoyin suna cin kwaltar ba, ko cewa girman tsutsar ya dogara da su. Hukuncin Thorpe ya tsaya.

Abin da bai tsaya ba shi ne sunan, kuma nan ne labarin ya fi jan hankalina. A 1941 Ezra T. Cresson ƙarami, na cibiyar nazarin halittu ta Filadalfiya, wanda a zamaninsa ba wanda ya fi shi sanin ƙudajen bakin ruwa a Amurka, ya sake duba ƙudan ya yanke cewa ba ɗan gidan Psilopa ba ne. Ya gina masa gida sabo, Helaeomyia. Da wannan suna, Helaeomyia petrolei, duniya ta san shi shekara saba'in da bakwai. Da shi masu binciken Nebaraska suka kira shi, da shi ya shiga littattafan makaranta. Kuma abin ya kwanta wa mutane a rai: halittar da ke zaune a mai, ai ta cancanci gidanta daban.

Sai dai mazauni ba ya nuna asali. Gida a tsarin rarraba halittu ba lambar yabo ba ce da ake ba wanda ya yi abin mamaki, iƙirari ne cewa waɗannan nau'o'i kakansu ɗaya. Duk ƙudan da ke duniya yana da 'yan uwa na kusa, kuma wanda ya koma zama a kwalta dole daga wani wuri kakanninsa suka taso. Su waye su? Keɓe shi a gida shi kaɗai bai amsa wannan tambaya ba, jingine ta kawai ya yi.

Amsar ta jira kayan aikin da Coquillett bai dogara da su ba. A ƙarni na 20 masu nazarin ƙudaje suka gane cewa launi da gashin waje suna iya yaudara, amma gaɓoɓin barbara na namiji, waɗanda ke ɓoye a ƙarshen cikinsa, kowane nau'i da irin ƙirarsa, kuma 'yan gida ɗaya tsarin nasu yakan zo ɗaya. Aikin na haƙuri ne. Ƙudan da bai kai ƙwayar riɗi ba za a ɓalle wa ciki da tsinin allura, a jiƙa a ruwan soda mai kaifi, ɗan uwan wanda ake haɗa sabulu da shi, har naman ya narke ya bar ƙashin fata garau. A wanke, a sa a ɗigon gilisarin, a juya shi ta gefe da ta ƙasa a ƙarƙashin madubi, a zana kowane lanƙwasa. Haka ake yi wa sassan baki da ma'ajiyar maniyyi ta mace. Sai an yi wa nau'o'i da yawa haka, daga gidajen tarihi na ƙasashe daban-daban, kafin tsari ya fara bayyana.

Tadeusz Zatwarnicki na jami'ar Opole a ƙasar Folan ya shafe rayuwarsa a wannan aiki. Shi da Wayne Mathis na cibiyar Smithsonian suka fitar da kundin ƙudajen bakin ruwa na duniya a 1995. A 2018, a mujallar Annales Zoologici, ya buga abin da ya warware ƙullin, kuma ya nuna cewa matsalar ba a jikin ƙudan kwalta take ba, a gidan Psilopa take. Gidan ya daɗe da zama masaukin baƙi. Ƙananan ƙudaje masu kama da juna aka yi ta zubawa a ciki, alhali zuriya biyu ce a cakuɗe. Ɗaya ita ce Psilopa ta gaskiya, 'yan uwan Psilopa nitidula, nau'in da sunan gidan ke rataye a kansa. Ɗayar kuwa zuriya ce daban, kuma a cikinta 'yan uwan ƙudan kwalta suke. Cikinsu akwai leucostoma, wanda tsutsarsa ke shiga tsakanin fatun ganyen gwozar sukari tana ci, akwai maritima na gaɓar teku.

A ganina kowane daga cikin magabatan biyu ya riƙe rabin gaskiya. Coquillett bai yi kuskure ba da ya ga ƙudan ya yi kama da wasu 'yan gidan Psilopa, domin a lokacin 'yan uwansa a can suke zaune. Cresson ma bai yi kuskure ba da ya ce ba ɗan Psilopa ba ne. Abin da ya kuɓuce masa shi ne cewa ba ƙudan kwalta kaɗai ya kamata ya fita ba, da shi da danginsa ne.

Wane suna za a ba wannan zuriya? Nan ba a bin son rai ko shahara. Dokar raɗa wa dabbobi suna ta ƙasa da ƙasa ta ce in sunaye biyu suka faɗa kan abu ɗaya, wanda ya riga fitowa shi ke da gida. Da aka bincika sai ga shi tun 1895 wani masanin ƙudaje ɗan Italiya, Mario Bezzi, ya kafa gida mai suna Diasemocera a kan ɗaya daga cikin 'yan wannan zuriya, daga baya aka rushe shi aka haɗe da Psilopa, sunan ya kwanta a kundi ba mai waiwayarsa. Sunan Bezzi ya girmi na Cresson da shekara 46, ya ma riga bayanin Coquillett da shekara 4. Zatwarnicki ya tashe shi, Helaeomyia ya koma sunan da aka ajiye. Ashe tun kafin tsutsar farko ta isa Washinton, gidan ƙudan yana nan a rubuce.

Yanzu cikakken sunansa Diasemocera petrolei (Coquillett, 1899). Bakan nan biyu da suka rufe sunan Coquillett ba ado ba ne. A ƙa'idar masana, alama ce cewa an ɗauke nau'in daga gidan da mai raɗin suna ya fara sa shi. Kalmar petrolei kuwa ba ta motsa ba duk da ƙaura biyu da aka yi. A kundin ƙudajen bakin ruwa yana jere ne da mai cin ganyen gwoza da na gaɓar teku, tsutsarsa kuma tana nan tana iyo a kwaltar La Brea, a gefen titin Wilshire, a tsakiyar Los Anjalis.